Marigayi Yana Tari

Madara ce ta kashe Gajanan Pednekar. Ba shanta ya yi ba. Tafasa ta yi ta zube a kan murhu, daidai lokacin da Ketaki, matar ɗansa, ta shigo daga kasuwar Dadar riƙe da sarƙar furanni ruwan ɗorawa da ta sayo don kusurwar ibada. Tana jin ƙauri sai ta maƙala furannin a ƙusar farko da hannunta ya kai, ta ruga kicin. Ƙusar nan kuwa ita ke ɗauke da hoton tsohon, wanda aka ɗauka tun gashin bakinsa yana baƙi ƙirin. Kowa a Mumbai ya san hoton da ake rataya wa furanni: na wanda aka riga aka ƙona, aka zuba tokarsa a ruwa.

Shi mamacin a wannan lokaci yana shagon shayin bakin titi, yana tsoma burodi a kofi, suna musu da amininsa Kaitan, Kirista mutumin jihar Goa, tsohon mai haska fim a silima, kan ko jaruman yanzu sun iya kuka. Lafiyarsa ƙalau, in ban da tarin da warin fenti ya bar masa gado.

Ana cikin goge murhu aka buga ƙararrawa. Madam Firoza Dastur ce, daga wani gidan gwanjo na kudancin gari, irin masu sayar wa attajirai tsofaffin kayan fim. Milind, ɗan Gajanan tilo, shi ya gayyato ta don ta ga zanen da ke jibge a ɗakin ajiya. Shekara da shekaru Gajanan yana zana fastocin fim da hannu, jarumi da bindiga, jaruma da hawaye, mugu da jan ido, har injin buga hoto ya zo ya raba shi da sana'a. Duk zanen da masu fim ba su waiwayo sun karɓa ba, ya adana shi, don kawai shi mutum ne da ba ya iya zubar da abu. Madam ta shigo falo, idonta ya faɗa kan hoto da furanni, ta haɗa tafukanta ta sunkuyar da kai. 'Yar gidan tarbiyya ce, ba ta yi tambaya ba. Milind kuma ya ɗauka haka masu kuɗi ke gaida bango.

Bayan 'yan makonni littafin gwanjo ya iso, mai ƙyalli, mai ƙamshin sabuwar takarda. Gajanan ya gyara tabarau ya buɗe, ya ga zanensa sun yi kyan da shi kansa bai san suna da shi ba. Da ya kai kan sunansa sai ya tsaya, ya bi layin da yatsa, ya sake bi. Dariya ta ci ƙarfinsa har ta koma tari.

"Milind, zo ka ji. Ashe na mutu, ba wanda ya gaya mini."

Milind ya leƙa. An rubuta ɓaro-ɓaro: Marigayi Gajanan Pednekar. Ketaki ta fito tana share hannu, ta dubi littafin, ta dubi bango, ta kama baki.

"Furannin nan ne, Baba. Na shiga uku."

"Ba ki shiga komai ba, 'yata. Ba ni littafin in kai wa Kaitan. Kullum cewa yake zai riga ni, yau zai ga na wuce shi."

"Tsaya in kira ta a gyara tukuna," in ji Milind.

A gaban uban ya buga wayar. "Madam, akwai wani ɗan kuskure a shafin..." Bai ƙarasa ba ta karɓe zancen. Gajanan yana kallo fuskar ɗansa ta riƙa sauyawa, ya miƙe daga kujera, ya koma ya zauna. "Masu saye daga Landan? Har da Dubai? Farashi ya tashi saboda ba zai sake zana wani ba... na gane, Madam." Ya ƙara manna wayar a kunne. "Kuskuren? A'a, ba wani abu ba ne. Sunan unguwa ne aka rubuta ba daidai ba."

Ya ajiye wayar a hankali. Ketaki da ta ɗaga hannu za ta cire furannin ta dubi mijinta, sai ta gyara musu zama.

"Baba," in ji Milind, "ka san mu ba mu ce ka mutu ba. Ita ta ce."

"To ai sai ka ce mata ina nan."

"Zan faɗa mana. Amma ba a katse wa mace irin wannan magana. Ka ɗan ba ni kwana biyu. Kafin nan ka huta da zuwa shagon shayin nan, ai ko likita ya ce sukari ya yi maka yawa."

"Wane likita?"

"Duk likitan da ya gan ka zai faɗa."

Gaskiyar magana, da farko abin wasa Gajanan ya ɗauke shi. Ya kwanta a doguwar kujera ya naɗe hannu a ƙirji, ya ce a zo a gwada kuka ya ji wanda ya fi iyawa. In Ketaki ta kawo masa shayi sai ya ce ta ajiye a gaban hoton, shi ne mai gidan yanzu. Kowace safiya tana sayo sabbin furanni ta rataya, shi kuma yana lura cewa duk tsawon zamansa a gidan ba a taɓa saya masa ko fure ɗaya ba sai da ya rasu. An gaya wa maƙwabta ya tafi ƙauye shan iska. Aka gaya wa Kaitan haka ta waya.

Kwana biyun nan dai irin na teloli ne. Aka hana shi baranda, wai wani zai iya hango shi daga titi. Ya ce yana son aski, Milind ya ce wanzami ai gidan rediyo ne, ya bari gemu ya fito, zai ma yi masa kyau. Da damina ta kankama, Madam ta bugo ta ce danshi shi ne babban abokin gabar zane, a sa su a ɗaki mai na'urar sanyi. Ɗaki ɗaya ne mai na'ura a gidan, kuma na Gajanan ne. Zanen suka koma kan gadonsa, shi ya koma ɗakin ajiyar da suka baro, da katifa a ƙasa da wata 'yar taga mai kallon bangon maƙwabta.

"Ai ya fi shiru, Baba," in ji Ketaki tana shimfiɗa masa zanin gado. "Mutane kuɗi suke biya su je dutse neman irin shirun nan."

"Su da ƙafarsu suke zuwa, 'yata."

"Kai dai Baba ba ka rasa amsa."

Sai kuma aka shiga kwasar kaya. Madam ta ce masu saye ba zane kaɗai suke so ba, suna son abin da hannun marigayi ya taɓa. Buroshinsa suka fara tafiya. Kujerar katakon da yake zama a kai ta bi. Tsohuwar rigarsa mai ɗigon fenti, wadda Ketaki ta sha yunƙurin mayarwa tsumma, aka naɗe ta cikin farar takarda kamar kayan lefe. Duk wannan Gajanan ya shanye. Ranar da Milind ya tsaya a kansa yana murza hannu, yana kallon hancinsa, ya san saura me.

"A'a, Milind. Ban da tabarau."

"Yana cikin hoton ne, Baba. Ta gan shi, ta tambaya. In na ce babu, me zan ce ya same shi?"

"Ka ce an ƙona ni da shi."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Ba kyau mutum ya riƙa yi wa kansa fata. Zan sayo maka sabo, wanda ya fi wannan."

"Da me zan ga hanya kafin nan?"

"Ina za ka?"

Ya cire ya miƙa. Sabon tabarau bai zo ba, domin mai yin tabarau sai ya auna idon mutum, mamaci kuwa ba ya zuwa awo.

Wata Asabar Madam ta kawo wani mai saye, ɗan kasuwar lu'ulu'u mai tara kayan fim, wanda aka ce har takalmin wata jaruma yake da shi a cikin gilashi. Aka tura Gajanan ɗakin ajiya da kofin shayi, aka ce ko motsi kada ya yi. Ya jingina da ƙofa yana saurare. Can sai ya ji muryar ɗansa ta yi laushi.

"Mahaifina ba ya duba hoto sau biyu. Kallo ɗaya zai yi wa fuska, ya juya baya ya fitar da ita. Ina yaro nakan zauna a gindin tsaninsa, in ga ido ɗaya ya fi ni girma. Babu irinsa, ba kuma za a sake yi ba."

Gajanan ya ƙara manna kunne a ƙofa. Yaron nan da a makaranta yake cewa ubansa a ofis yake aiki, ashe yana kallo, ashe ya riƙe. Daɗi ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun rasuwar matarsa. Ya so ya buɗe ƙofar ya rungume shi. Sai tari ya taso masa, ya danne, ya toshe baki da filo, amma tarin ya fito har sau uku, mai ƙarfi, mai kurman amo.



"Akwai wani a gidan ne?" in ji mai lu'ulu'u.

"Famfo ne," Ketaki ta ce da sauri. "Bututun gidan nan ya tsufa. In ruwa zai zo haka yake yi."

"Kamar mutum kuwa."

"Sosai ma. Mu har mun saba."

Bayan tafiyar baƙi Milind ya shigo yana huci. Gajanan yana murmushi, yana shirin yi masa zancen tsani, amma bai samu fili ba.

"Baba, so kake a ɗaure ni? Yanzu magana ta wuce wasa. An buga littafi, an sa hannu. In aka gano, zamba za a kira shi, 'yan sanda za su zo. Ni za su kama, ba kai ba. Duk wannan wahalar don wa nake yi? Ba don a samu na maganinka ba?"

"Ni ba ni da ciwo, Milind."

"Ga shi kana tari."

Washegari aka kawo kwalbar maganin tari mai sa barci. Aka kuma kira kafinta ya sa wa ɗakin ajiya sakata ta waje, aka ce masa saboda ɓera.

Abin takaicin shi ne, da za ka tsayar da Milind ko Ketaki ka ce su azzalumai ne, da sun yi maka kallon mahaukaci. Ba su doke shi ba. Abinci sau uku, da zafinsa, har da ɗan zaƙi ranar Lahadi duk da zancen likita. Ketaki kan ce wa mijinta, "Wasu ma gidan gajiyayyu suke kai nasu." Milind kan ce, "Ai kowa zai mutu, takarda ce kawai ta yi gaba." In sun faɗa sai su ji sanyi a ransu, su ci shinkafarsu su ƙoshi. Shi kuwa tsohon ya daina wasan naɗe hannu. Yana zaune a katifa, gemu ya cika masa fuska fari fat, yana zana fuskoki da yatsa a kan cinyarsa. Abu ɗaya ya riƙe ya hana zuciyarsa karyewa: duk wannan a bayan ido ake yi. Mutum zai iya cewa ubansa ya mutu ta waya, ko a gaban baƙo, in uban yana bayan ƙofa. Amma ido da ido, ɗan da ya zauna a gindin tsaninsa ba zai iya ba.

Ana saura kwanaki kaɗan gwanjo, wata jarida ta buga labarin. Da hantsi aka danna ƙararrawa aka ƙi saki, irin dannar da mutum ɗaya ne a duniya ke yin ta. Gajanan ya miƙe zumbur. Ya ji takun Ketaki, ya ji ƙarar sakata ta shige, sannan ta je ta buɗe ƙofar falo.

"Ketaki, mece ce wannan?" Muryar Kaitan ce, tana rawa. "Kun ce mini ya tafi ƙauye."

"A can abin ya faru, Kaka. Farat ɗaya. Ba mu samu kanmu ba balle mu sanar."

"Ko waya? Ni Kaitan, a jarida zan gani? A jaridar da aka naɗo mini kifi?"

"Ka yi haƙuri, Kaka. Zauna in kawo ruwa."

"Ba na sha." Sai jan ƙafa zuwa wajen hoton. "Kai, tsohon banza. Haka ake yi? Kullum ina ajiye maka kujera, yaron shago yana mini dariya. Na ce zan riga ka, ka ce mu gani. To ka ci. Ka ji daɗi." Muryar ta karye. "Da wa zan yi musu yanzu? Duk waɗanda suka rage sai su ce mini haka ne, haka ne."

Gajanan ya ɗaga hannu zai doki ƙofa. Ya buɗe baki zai ce, ga ni nan, jakin Goa, daina ɓata hawaye. Sai kalmar 'yan sanda ta faɗo masa, ya ga Milind da ankwa ana saukowa da shi daga bene maƙwabta na kallo. Hannun ya tsaya a sama. Tari ya taso, ya cusa gefen zanin gado a baki ya danne shi har idonsa ya yi ja. Yana ji amininsa ya fyace hanci, ya ce zai sa a yi masa addu'a a coci ko da yake marigayin ba Kirista ba ne, ya ja ƙafa ya fita. Ran nan Gajanan ya yi kuka sosai, bai kuma taɓa abincin rana ba.

"Ka kyauta, Baba," in ji Ketaki da ta zo ɗaukar kwano. "Na san da wuya. Amma ka ga ai shi ma zai saba."

Ana gobe gwanjo aka buɗe baje kolin kaya don masu saye su gani. Milind ya sa kwat, Ketaki ta ɗaura farin sari mai bakin zinariya, wanda ya yi daidai da mai makoki da ke sa ran a ɗauke ta hoto. Suka fita suna gardamar wanda ya ajiye makullin mota. Kowannensu ya ɗauka ɗayan ya tura sakata.

Gajanan ya taɓa ƙofar don sabo kawai, sai ta buɗe. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya lalubi silifas, ya sauka bene yana bin bango. Sunan wurin ba baƙo ba ne a kunnensa, ya ji Milind yana maimaita shi a waya har ya haddace. A tashar bas ya roƙi wata mata ta karanta masa lamba. Iskar teku ta doki fuskarsa, hayaƙin motoci ya shiga hancinsa, ya ji duk duniya ba turaren da ya kai shi. Ba tona asiri zai je yi ba. So yake ya ga zanensa a bango sau ɗaya, ya kuma tsaya a gaban ɗansa. Yadda Milind zai warware wa Madam, wannan ya san yaron da baki, zai samo hanya.

Zauren yana da sanyi da fitilu, ga masu hidima suna yawo da lemo a faranti. Mai gadin ƙofa yana duba jakar wasu Turawa, tsohon ya bi ta gefensu ya shige. Komai dishi-dishi yake gani, sai launuka. Amma launukan nasa ne, ko a mafarki ya san wannan ja da wannan shuɗi. Ya wuce rigarsa da aka sanya wa gunkin roba, ta yi masa kyau fiye da yadda ta taɓa yi wa mai ita. Ya wuce akwatin gilashi, ya sunkuya, ya gane tabaransa a kan jan ƙyalle. Ya gaishe shi da kai.

A bangon ƙarshe aka rataye babban zanen wata jaruma mai waiwaye. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓawa. A kumatunta ya ga wani ɗan tabon danshi da ba shi ya sa ba. Bai yi tunani ba, ya lashi babban yatsa ya kai hannu.

Wani mai gadi ya cafke masa wuyan hannu. "Kaka, ba a taɓawa."

"Nawa ne," in ji Gajanan.

"Kuɗinsa ya fi ƙarfinka. Wa ma ya bar ka ka shigo?"

Mutane suka fara juyowa. Wata mace mai ƙamshin turare ta iso da takun takalmi mai tsini tana tambayar me ya faru, ya gane muryar da yake ji ta bayan ƙofa. Madam Dastur ta dubi gemu, ta dubi silifas, ba ta ga komai na mai baƙin gashin bakin da ke cikin littafinta ba.

"Lafiya, Kaka? Wa kake nema?"

"Milind. Milind Pednekar."

Aka kira shi. Gajanan ya ga kwat mai duhu da farin sari sun taho, sun tsaya cak taku kaɗan daga gare shi. Ba ya ganin fuskar ɗansa, amma yana jin numfashinsa. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan buɗe hannun da ba a riƙe ba, har da murmushi.

"Ka san shi, Mista Pednekar?" in ji Madam.

Mai lu'ulu'u ya matso da kofinsa don kada a yi ba shi.

"Na san shi," in ji Milind. Ya gyara murya. "Wani tsoho ne a unguwarmu. Shi yake wanke wa Baba buroshi a da. Kansa ya ɗan taɓu, Madam, a yi masa uzuri."

"Tun rasuwar Baba bai koma daidai ba," Ketaki ta ƙara. "Sun shaƙu sosai."

Aka yi ta cewa ayya. Mai gadi ya sassauta riƙo. Gajanan ya sauke hannun da ya buɗe, ya sa shi a aljihu don ya rasa inda zai kai shi. Bai ji haushi ba, abin da ya ji ya fi haushi nauyi. Ɗakin ajiya da sakata da maganin barci, duk ya taka su da ƙafarsa ya wuce, yana cewa ai ba a gaban idonsa ba ne. Yanzu ga idon, ko da ba tabarau.

Madam kuwa murna ta kama ta. Ta zaro biro. "Ashe ka yi aiki da shi. Kaka, kai ne za ka fitar da ni. Gobe mai buga gudumar gwanjo zai karanta tarihinsa, kuma har yau ba ni da ranar rasuwa. Duk sanda na tambayi Mista Pednekar sai baƙin ciki ya hana shi magana, ni kuma ba na son fama masa ciwo. Ko kana tunawa?"

"Ina tunawa mana," in ji Gajanan. "A gabana aka yi."

"Madalla. Wace rana ce?"

"Yau nawa ga wata?"

Ta gaya masa.

"To rubuta wannan."

Ta yi 'yar dariyar da ake yi wa marar lafiya. "Yau, Kaka?"

"Yanzun nan. Da safe da sauran ransa, har bas ya hau. Ni ma ban yarda ba sai da na ji daga bakin ɗansa."

Biron ya tsaya a kan takarda. Madam ta dubi tsohon da kyau a karon farko, ta juya ta dubi Milind. Milind yana kallon takalminsa. Ketaki ta shiga gyara bakin sarin da ba abin da ya same shi.

Gajanan ya zare hannunsa daga na mai gadi, ya haɗa tafuka ya gaida jarumar da ke bango, ya juya. Zauren dogo ne, daga bangon ƙarshe zuwa ƙofa akwai tafiya. Ya yi ta a hankali ƙwarai, yana jan silifas, kunnensa a baya, don ya ba yaron lokaci. Har ya kai ƙofa ba wanda ya ce Baba.